Karatu, goyo, aikin coci da makokin Mama

Na koma makaranta ina da aure da 'ya'ya biyu. Babbar tana da shekara uku a lokacin, ƙaramin kuma yana goye. Tun ina budurwa nake son digiri a fannin koyarwa, aure da haihuwa suka sa aka yi ta ɗaga maganar, har sai da Mama da kanta ta taso da ita. Ta ce in nemi gurbi, yaran ta ɗauke mini. Haka kuwa aka yi. Da safe in kai su wurinta, da yamma in biya in kwaso su, ranar da lakca ta kai ni dare su kwana can. A coci ina koyar da ajin ƙanana a makarantar Lahadi, ina cikin mawaƙa, ni ce kuma magatakardar zumuntar mata. Mutane suna yaba mini ƙoƙari, ni ma ina jin daɗin yabon. Amma duk wannan yana tafiya ne domin akwai mace guda da take ba ni sa'o'i kusan 40 a mako kyauta, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Ina shekara ta biyu, zango na biyu, saura kamar mako biyar a fara jarrabawa, hawan jini ya kayar da ita. 'Yan kwanaki ta yi a asibiti ba ta magana, Ubangiji ya karɓi abinsa. A rana ɗaya na rasa uwa, yarana suka rasa kaka, karatuna ya rasa mai riƙe shi. Na ƙarshen nan ba wanda yake iya faɗinsa a wurin makoki, ni kaina kunya nake ji idan ya zo mini a rai, kamar ina lissafin amfanin Mama ne maimakon kukan rashinta. Sai dai ranar Litinin ta farko bayan baƙi sun watse, tambayar tana nan tana jirana: wa zai riƙe yaran daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma?

A makon nan maigidana ya ce mu zauna da takarda da biro. Mako yana da sa'o'i 168, ba ya ƙaruwa don an yi wa mutum rasuwa. Barcin sa'a bakwai a dare, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da likitoci ke so babba ya samu, ya cinye 49. Kwasa-kwasai shida na ɗauka, kowanne yunit uku, wato sa'a 18 a aji. Ƙa'idar da malamai ke yawan bayarwa ita ce kowace sa'a ɗaya ta aji tana buƙatar sa'a biyu na karatu a gida, ke nan 36. Hanya ta kwashe kamar 10. Da muka tattara na coci, sujadar Lahadi da ajin yara da shirin darasinsa, addu'ar tsakiyar mako, taron zumunta, bitar mawaƙa sau biyu, ziyara da rubuta rahoton taro, sai ga 18. Wanka, girki, wanki, kwantar da yara da sauran hidimar gida ba su gaza 46 ba. Jimla 177. Ko Mama tana raye ma ana bina bashin sa'a tara kowane mako, daga barci da karatu nake yanka in biya. Yanzu kuma ba ta nan, ga Baba shi kaɗai a gida, ga zuciyar da ba ta iya riƙe ko layi biyu na littafi.

Na zauna ina kallon takardar. Maigidana ya ce, "Maman yara, ba rago ba ce ke. Lissafin ne ba ya fita." Wannan maganar ta sauke mini wani abu daga ƙirji, domin har lokacin gani nake da a ce ina da ƙarfin bangaskiya da na iya riƙe duka.

Abin da na fahimta tun daga ranar, wanda kuma saboda shi nake rubuta wannan, shi ne: idan kaya sun fi ƙarfinki, dole wani ya sauka. Ko dai ki sauke shi da hannunki, ki faɗa wa masu shi, ki danƙa a hannun wani, ko kuma ya faɗi da kansa ya fashe. Makaranta da coci duk suna da hanyar da ake sauke nauyi cikin mutunci, amma ba wanda zai bi ki da ita har gida.

Na makaranta na fara yi domin shi ne mai wa'adi. Na je wurin malamin da ke kula da ajinmu, na gaya masa abin da ya faru. Tunanina shi ne in ajiye kwas biyu in rubuta huɗu. Ya ce wannan ƙofar ta rufe, ana ƙarawa ko rage kwas ne a makonnin farko na zango kawai. Zaɓi biyu ya rage: in shiga duka shidan, ko in nemi a jingine mini zangon gaba ɗaya. Ya kuma nuna mini abin da zai faru idan na yi shiru na ƙi zuwa. Wanda ya yi rajistar kwas bai shiga jarrabawa ba, ba kuma da izini ba, F ake rubuta masa, daidai da wanda ya shiga ya faɗi. A ma'aunin maki biyar da makarantarmu ke bi, inda B maki huɗu ne a kowane yunit, F kuma sifili, wadda ta ci B a kwas shida masu yunit uku-uku tana da maki 72, a raba da 18, ta tashi da 4.0. Kwas ɗaya ya koma F, maki ya sauko 60, ta tashi da 3.33. Biyu suka faɗi, 2.67. A tsarinmu kuma ko an sake kwas ɗin an ci, sifilin farko yana nan cikin jimlar lissafi har ranar gamawa. Ga kuma sharaɗin halartar kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa, ni kuwa tsakanin jinya da makoki na riga na ci rabona na fashi, ga gwajin kwas uku da aka yi ba na nan, alhali gwaji da aikin gida su ne maki 30 cikin 100.

Ga mai neman jingine karatu, ga yadda abin yake. Ana rubuta wasiƙa zuwa ga magatakardan makaranta, ta biyo ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya. A sa cikakken suna, lambar ɗalibi, zangon da ake son jinginewa, dalili a layi biyu ko uku, da lokacin da za a dawo. A haɗa da kwafin takardar shaidar mutuwa, asalin kuma ya zauna a gida, don za a neme shi a wasu wurare. A yi kwafi biyu na wasiƙar, a sa sakataren sashe ya buga hatimi da kwanan wata a kan naki. Wannan kwafin shi ne shaidarki idan takarda ta ɓace a hanya, kuma takardu suna ɓacewa. Amincewa ba ta fitowa nan take, sai kwamiti ya zauna, shi ya sa dole a shigar kafin a fara jarrabawa. Wadda ta kawo tata bayan sakamako ya fito, roƙo take yi, ba neman haƙƙi ba. Kafin ki sa hannu kuma ki tambayi abu uku: kuɗin da aka biya zai bi ki zuwa zangon dawowa ko za a sake biya, lokacin da aka jingine yana shiga cikin iyakar shekarun da aka yarda ɗalibi ya yi ko ba ya shiga, sannan yaushe za a sake koyar da waɗannan kwasa-kwasan. Ta ukun ce ta fi ciwo. Kwas na zango na biyu sai a zango na biyu ake yinsa, wasu kuma sai an ci su ake hawa na gaba. Jingine zango ɗaya a wurina yana nufin shekara guda cur.

Dare biyu ban yi barcin kirki ba a kan wannan. Mama ce ta tura ni karatun nan, ajiye shi ya yi mini kama da cin amanarta tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Wasu 'yan ajinmu suka ce in daure in shiga, za su ba ni takardunsu. Na gwada buɗe littafi. Sai in kai ƙarshen shafi in rasa abin da na karanta, in koma farko, in sake rasawa. Daga baya na ji cewa wannan sananne ne ga mai sabon makoki: hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, mantuwa tana yawa, barci yana yankewa. Da irin wannan kan zan shiga jarrabawa shida? Na kai wasiƙar. Ranar da 'yan ajinmu suka fara jarrabawa na kashe wayata, don hotunan da suke turawa a zauren aji sun fi ƙarfina.

Na coci ya fi wuya, domin can ba fom, ba hatimi, sai fuskokin mutanen da kike ƙauna. Kuma da aka ji na dakatar da makaranta sai aka ɗauka ai yanzu na samu lokaci. Akwai wani tarko a nan da ya kamata mai makoki ta sani. Aikin coci shi ne wurin da mutum zai iya gudun baƙin cikinsa ana tafa masa. Kina ta kai da kawo, ana cewa "dubi bangaskiyarta", ke kuma kin samu dalilin ƙin zama ke kaɗai da abin da ke cikin ranki. Uwar zumuntarmu ce ta gane. Ta riƙe ni bayan taro ta ce, "'Yata, tun da aka binne mamarki ban ga kin zauna ba. Gudu kike yi?" Ban iya ba ta amsa ba, hawaye ne suka amsa.

Ita ce ta nuna mini yadda zan rarraba ayyukan. Akwai wanda halarta ce kawai, idan ban zo ba kujerata ce za ta zama babu kowa, kamar addu'ar tsakiyar mako. Akwai wanda wasu suka dogara da ni a kansa, idan ban zo ba sai abu ya tsaya: ajin yara, littafin rahoton zumunta, muryata a cikin mawaƙa. Na biyun su ne ba a barinsu da shiru. Muka je wurin fasto ni da maigidana, ba ta waya ba, ba kuma a bakin ƙofa bayan sujada lokacin da mutum goma ke jiransa ba. Na ce, "Baba, ina roƙon a sauke mini aikin magatakarda da na mawaƙa na shekara guda, ajin yara kuma na wata shida. Sujadar Lahadi ba zan fasa ba." Faɗin wa'adi yana da amfani ƙwarai. Idan kika ce "sai na ɗan huta", bayan mako uku za a fara tambaya. Idan kika ce wata shida, shugabanni za su nemi wanda zai riƙe da gaske, ke kuma kina da amsar da za ki ba mai tambaya.

Baba Fasto bai ja maganar ba. Shi ne ma ya tuna mana da Fitowa sura 18, inda Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, ya gaya masa cewa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da mutanen, ya naɗa shugabanni a kan dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma. Ya ce idan Musa bai iya shi kaɗai ba, ba ni ba.

Danƙa aikin ya ɗauki mako uku. Littafin rahoto na cike shi har taron ƙarshe, na rubuta abubuwan da aka yanke ba a riga an aiwatar ba a shafi dabam. Ɗan kuɗin gudummawar da ke hannuna an ƙirga shi a gaban mutum biyu, muka sa hannu mu uku. Wannan ba rashin yarda ba ne, kare suna ne, domin mai makoki tana mantuwa, kuma maganar kuɗi a coci idan ta tashi ba ta kwanciya da wuri. Ajin yara kuwa, mun koyar tare da wadda za ta karɓa Lahadi biyu. Ta farko ni na koyar tana kallo, ta biyu ita ta koyar ina zaune a baya. Na ba ta littafin darasi, rajistar sunaye, na gaya mata wane yaro ne ba ya son a ɗaga masa murya, wace ce ba a ba kowa ita sai uwarta.

Maganganu ba su rasa ba. Wata ta ce aikin Allah ba ya jira. Wani ya karanto mini cewa mai bi ba ya baƙin ciki. Na koma na duba wurin, 1 Tasalonikawa 4:13, abin da yake cewa kada mu yi baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege. Bai hana baƙin cikin ba. Isra'ilawa sun yi makokin Musa kwana 30, Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. A ganina yawancin masu irin wannan magana ba mugunta ce ke sa su ba, hawayen wani ne ke tayar musu da hankali, sai su nemi ayar da za ta tsayar da shi. Watanni na yi ina zama kusa da ƙofa a sujada, domin duk ranar da aka ɗauko ɗaya daga cikin waƙoƙin da aka rera a jana'izar Mama sai na fita.

Wurin da na fi shan wuya, wanda kuma ba wanda ya shirya ni dominsa, shi ne yaran. Babbar tana da shekara huɗu da 'yan watanni. A kwanakin makoki wata ta ce mata Kaka ta yi barci, wata ta ce ta yi tafiya, wata ta ce Yesu ya ɗauke ta domin tana da kirki. Kowace da kyakkyawar niyya. Sakamakon shi ne yarinya ta ƙi kwanciya da dare don kada ita ma ta yi irin barcin, ta riƙa tsayawa a ƙofa tana jiran mai tafiya ta dawo, rannan kuma ta tambaye ni ko ita ma idan ta yi kirki za a ɗauke ta. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, kuma bai riga ya gane cewa mutuwa ba a dawowa daga ita ba. Na zaunar da ita a cinyata na ce, "Kaka ta mutu. Jikinta ya yi ciwo mai tsanani ya daina aiki. Ba ta jin zafi, ba ta jin yunwa. Ba za ta dawo gidan nan ba." Bayan wannan ya zauna ne na ƙara mata abin da muka gaskata, cewa Kaka tana wurin Ubangiji. Ta ce to, ta sauka ta ci gaba da wasa. Washegari ta sake tambaya yaushe Kaka za ta zo. Haka muka yi ta yi har watanni, amsa iri ɗaya, kalmomi iri ɗaya. Na roƙi babanta da masu riƙe ta su ma kada su canza.

Ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa. Duka ko tsawa ba sa maganin wannan, ƙara shi suke yi. Shimfiɗar roba, rage ruwa gab da kwanciya, kai ta bayi kafin barci, da rufe baki a kan maganar, shi ya wuce da kansa. Rannan ina riƙe da kaina ta zo ta tsaya ta ce, "Mama, ke ma za ki mutu?" Ban ce mata ba zan taɓa mutuwa ba. Na ce ciwon kaina ƙarami ne, na sha magani, yawancin mutane sai sun tsufa sosai suke mutuwa, kuma kullum akwai wanda zai kula da ita. Ƙaramin kuwa bai kai shekara biyu ba, ba ya tambaya, amma duk ranar da muka je gidan Baba sai ya zarce ɗakin Mama yana leƙa bayan ƙofa. Ya zama ba ya yarda in sauke shi, yana farkawa sau da yawa da dare. Abin da ya daidaita su duka biyun shi ne maimaita abu ɗaya a lokaci ɗaya kowace rana: wanka, abinci, addu'a, kwanciya. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin sa'a 11 zuwa 14 a yini, ɗan uku zuwa biyar kuma 10 zuwa 13. Taron dare da nake jan su zuwa yana cinye wannan, washegari kuma rigima ce tun safe. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na bar bitar dare.

Su biyar muke a wurin Baba, ni ce babbar mace, don haka kowa ya ɗauka hidimarsa tawa ce. Muka yi taro muka raba: wani ya ɗauki sayen magunguna da kai shi asibiti, wata kwana da shi a ƙarshen mako, ni kuma ziyara sau biyu a mako da yaran, domin ganinsu ne kawai yake sa shi dariya. Kayan Mama muka yarda ba za a taɓa ba sai bayan wata shida.

Wajen wata na bakwai na lura abin nawa ba ya sauƙi. Ba na jin daɗin komai, na rame, da asuba nake farkawa da nauyi a ƙirji. Na je na ga likita, aka haɗa ni da mai ba da shawara, muka yi ta zama. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta sa makokin da ya daɗe yana hana mutum gudanar da rayuwarsa, aƙalla wata shida, cikin abubuwan da ake yi wa magani. Wadda ta kai ga ba ta iya kula da kanta ko yaranta, ko take jin gara ta bi mamacin, kada ta jira wata shida ma, ta nemi likita a ranar. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Da Iliya ya kwanta a ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, abin da mala'ika ya fara ba shi abinci ne da ruwa, ya bar shi ya sake barci.

Kafin in koma makaranta na shirya riƙon yara hawa uku, domin dogara ga mutum ɗaya ne ya rushe ni a baya. Na kullum: babbar ta shiga makarantar yara, ƙaramin yana wurin mai reno da muke biya. Na biyu: wata 'yar'uwa a coci mai yara sa'anninsu, tana karɓar nawa idan lakca ta wuce lokaci, ni kuma ina karɓar nata ranar Asabar. Na uku, don ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi kuma akwai gwaji: babansu ko ƙanwata. Taimakon da ba a biya ba a kuma rama, wata biyu ne ya fara tsami, ko da daga mai ƙaunarki ne. Kowace cikinsu tana da takarda ɗaya mai lambobin waya uku, maganin da yaro ke sha da adadinsa, da abin da jikinsa ba ya so.

Na dawo na ɗauki yunit 15, mafi ƙarancin da makarantarmu ke yarda. Na shiga aji da waɗanda a da suke bayana, ba wanda ya san ni, har na ji hakan ya fi mini sauƙi. Karatun dare na bar shi, domin bayan kwantar da yara kaina ya riga ya mutu. Ina kwanciya tara da rabi, in tashi huɗu da rabi, in samu sa'a ɗaya da rabi kafin gida ya farka. Minti 25 ina karatu, in rufe littafin in rubuta abin da na tuna a farar takarda, in buɗe in ga abin da ya zube. Maimaita karanta shafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya, rufe littafi ne ke tona gaskiya. Abin da na karanta yau ina sake gwada kaina a kansa bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Sa'o'in da ke tsakanin lakca da lakca a ɗakin karatu nake yinsu da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, su ne lokacin da ba wanda zai kira ni Mama. Muhimman bayanai ina naɗarsu da muryata a waya in saurara a hanya. Idan aikin rukuni ne, nakan zaɓi ɓangaren da za a iya yi a gida in miƙa da wuri, don taron rukuni na yamma ba nawa ba ne. Idan kuma zan rasa gwaji, malami yana jin labari kafin ranar, a rubuce. Da jadawalin jarrabawa ya fito, a ranar maigidana yake neman hutu a wurin aiki, coci ma a ranar nake sanar da su cewa mako uku ba za a gan ni ba sai Lahadi.

Abu ɗaya da ban da shi a lissafi sai mai ba da shawarar ta ankarar da ni: tunda Mama ta rasu ana saura mako biyar jarrabawa, ranar tunawa da ita kowace shekara a tsakiyar gwaje-gwaje za ta riƙa faɗowa. Jiki yana tuna lokacin tun kafin ki duba kalanda. Don haka nake gama karatun makon tun kafin ya zo, ranar kuma ba na sa mata komai, gidan Baba muke zuwa. Akwai ranakun da nake aiki sumul kamar ba abin da ya faru, akwai waɗanda ƙamshin man shafawa irin nata a jikin wata a cikin mota ya isa ya ɓata mini yini. Na daina ɗaukar na farkon a matsayin mantawa da ita, na biyun kuma a matsayin komawa baya.

Kowace Lahadi da dare, bayan yara sun kwanta, muna zama minti 20 ni da maigidana da kalanda: wa zai kai, wa zai ɗauko, wace rana ce mai gwaji, wane taro ne za a ce a'a. Idan aka kawo mini sabon aiki a coci ba na amsawa a tsaye. Nakan ce zan duba in ba da amsa ranar Laraba, in zo in ga me zai fita kafin wannan ya shiga.

Yanzu ina shekarar ƙarshe, ina rubuta furojet, wato binciken kammala digiri. Waɗanda muka fara tare sun gama bara, na je bikinsu, na yi murna, na kuma yi kuka a hanyar dawowa. Sakamakona bai taɓa sauka ƙasa da inda yake kafin rasuwar ba, ba kwas ko ɗaya da ake bina bashi. Ajin yara na koma, amma mu biyu ne, Lahadi ɗaya ni, ɗaya ita. Mawaƙa ban koma ba, ban kuma sa rana ba. Babbar ta shiga firamare, tana ba ƙaninta labarin Kaka, rabinsa gaskiya rabinsa nata. A watan jiya uwar zumunta ta tambaye ni ko zan karɓi littafin magatakarda. Na ce, "Mama, sai na kāre furojet ɗina a gaban malamai." Ta tambayi watan, na faɗa mata, ta rubuta a bayan littafinta ta ce za ta neme ni.